Ruwa Ya Haura Dokin Ƙofa da Yatsa Biyu

Zuwa ga ɗana, Injiniya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, Ya tsare ku daga sharrin abin da kuke gani da wanda ba ku gani, Ya sa albarka a aikin da ya kai ka nesa da mu. Mu nan sai godiya. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta, ta dama ma ta fara koyi da ita. Ido ya ragu, kunne ya ragu, baki ne kawai, in ji yayarka, bai ragu da komai ba. Ita ce ke riƙe da alƙalami yanzu, ta ture keken ɗinkinta gefe, na kuma gargaɗe ta ta rubuta magana yadda ta fito daga bakina, kada ta yi mata kalmasa kamar bakin riga. Mijinta ya samu sauƙin ciwon baya har ya koma tuƙi. 'Yarta ta biyu ta sauka lafiya, namiji, mai ƙaton kai irin na gidanmu. Baffanka ya zo makon jiya ya wuni, muka yi gardama kan shekarar da aka kafa turken wutar bakin layi, ya tafi yana fushi, alhali shi ne ya manta.

Za ka ce me ya kawo takarda ga waya a hannu. Dalili shi ne a waya ba ka barina in kai ƙarshen magana. Da na fara sai ka ce in taƙaita, ni kuwa abin da zan faɗa maka in aka taƙaita shi ya zama ƙarya. Takarda ba ta katse mutum. Ka tuna alkawarin da muka yi bara, kana tsaye a tsakar gida da wando naɗe har gwiwa, kana kallon katifata da aka jingina tana ɗiga. Ka ce in ruwa ya sake haura dokin ƙofa a daminar bana, in tattara in koma wurinka, a sayar da gidan. Na ce na yarda, don a ranar na gaji, ko cewa ka yi in sayar da hular kaina da na yarda. Takardar gidan kuma tana hannunka tun ciwon da na yi na dangwala maka yatsa a kanta. To, damina ta wuce, ga ni zan ba ka amsa. Sai dai ka yi haƙuri ka bi ni ta hanyar da zan bi, don ba ni da wata.

Ka san bangon nan na waje, gefen ƙofa, hannun dama in za ka shigo, wanda na hana a yi wa fenti har kuka riƙa cewa na tsufa da rigima. Tun shekarar da na gina gidan nan, kowace damina, ranar da ruwan layi ya fi tasowa, nakan ɗauki ƙusa in ja layi daidai inda ya tsaya. Ban iya rubuta lamba ba, sai na yi wa kowanne alama tawa. Shekarar da aka haifi yayarka na yi ɗigo biyu, taka shekarar na yi da'ira, shekarar da mahaifiyarku ta rasu na ja layin har ƙarshen bango, ban san lokacin da hannuna ya tafi ba. Layi arba'in da huɗu ne yanzu. Ashirin na farko duk suna tsugune can ƙasa, ba wanda ya kai matakalar farko, sai ka durƙusa kafin ka gan su. Daga nan suka fara hawa, kaɗan kaɗan, kamar yaron da ke auna tsayinsa. Na daɗe ina ɗora wa sama laifi, ina cewa ruwan zamanin nan ba shi da kunya. Wataƙila akwai wannan, ban sani ba. Amma akwai abin da na sani, kuma ban taɓa faɗa maka ba.

Gida goma sha bakwai ne a layin nan. Sha huɗu daga cikinsu ni na shafe musu tsakar gida da siminti, da wannan hannun da ba ya iya riƙe cokali sosai yanzu. A lokacin abin alfahari ne. Mace ta gaji da taɓo, mai gida ya kira ni, in zo in daidaita, in goge har ka ga fuskarka a ciki, in karkatar da shi kaɗan don ruwa ya gudu waje. Waje ina? Ban taɓa tambayar kaina ba. Aikina ya ƙare a bakin ƙofar mai gida. Biyu wani magini ya shafe, gidanmu kawai ya tsira, shi ma ba da dabarata ba. Mahaifiyarku ce ta kafe, saboda bishiyar lemonta da 'yan ganyayyakin da take shukawa gindin bango. Ta ce ƙasa ma tana jin ƙishi kamar kowa, in na toshe mata baki in nemo wanda zai sha ruwan. Mutane suka yi ta yi mini dariya, wai magini guda tsakar gidansa taɓo. Sau biyu ina sayo siminti in jibge a ƙofar ɗaki don in nuna mata ni ne mai gidan, sau biyu yana daskarewa a buhu. Allah Ya ji ƙanta, ta fi ni taurin kai, kuma ta fi ni gaskiya.

Shekara uku da suka wuce wata ƙungiya ta zo layinmu da niyyar tsafta. Ba zan ci amanarsu ba, mutanen kirki ne, layin kuma da gaske ya yi ƙazanta. Suka kafa manyan durom na shara guda uku masu murfi, kore shar, suka ce mota za ta riƙa zuwa kwashewa sau biyu a mako. Suka tara mu a farfajiyar makaranta, wata mata da matan layi suka raɗa wa suna Mai-tabarau tun a ranar ta kafa babbar takarda, ta ja kibiya miƙe sak daga hoton durom zuwa hoton layi mai furanni. Aka yi tafi. Aka kafa doka biyu, cewa mai tonon shara kada ya sake shigowa layin, kuma kada a sake ɗaure dabba a bakin hanya. Ni ma na ɗaga hannu, har na fi wasu ɗagawa, kada ka ce ina wanke kaina.

Yanzu ka saurara, don nan ne kake katse ni a waya. Ka san Dogo mai baro, wanda ke bin layi yana tsintar robobi da gwangwani. Duk ranar da aka yi ruwa, da an ɗauke, yana bakin kwalbatin ƙarshen layi, wurin ragar ƙarfen nan, saboda can ruwa ke tara masa robobin wuri guda. Kafin ya kai ga roba ɗaya sai ya zare leda goma da tsumma da ganye ya watsar gefe. Shekara ashirin yana buɗe mana hanyar ruwa, mu ba mu sani ba, shi ma bai sani ba, robarsa yake nema. Muka kore shi da sunan tsafta. Ka san kuma Gwaggo mai awaki, da awakinta bakwai gindin katangarta. Ɓawon dankali da na albasa da ragowar abincin layin nan duk wurinsu yake zuwa. Kashin awakin tana sharewa a buhu ta aika wa Mai lambu, mutumin nan da ba ya magana, can gangaren bayan kwalbati, shi kuma ya aiko mata da ganye. Shi ne kowace shekara kafin ruwa ya sauka yake ɗaukar fartanya ya yashe tsohuwar hanyar ruwan da ta bi ta gangaren, ba don mu ba, don ya jawo wa shukarsa ruwa. Wannan hanyar kuwa ita ce mafitar layinmu kaf. Da aka sa Gwaggo ta sayar da awakin, ta yi kwana uku ba ta leƙo waje ba. Taki ya yanke, ƙasar lambu ta gaji, mutumin ya yi damina biyu yana fama, ya jingine fartanya ya kama aikin gadi a wani kamfani. Hanyar ta cike da yashi da ciyawa. Motar shara kuma ta lalace a wata na takwas, aka ce ana jiran wani ƙarfe, har yau ana jira. Durom suka cika suka yi amai, ruwa ya kwashi aman ya kai bakin raga, inda babu Dogo.

Ana cikin haka hukuma ta gina babbar kwata a titin sama, wadda kai da kanka ka yaba da aka tura maka hotonta, ka ce aikin ilimi ne. Ban musa ba, ni magini ne, na je na shafa ta da hannu, aiki ne mai kyau. Ta kwashe ruwan layi uku tsaf, mutanen sama suka huta, ta zo ta juye mana shi a bakin layi da gudu kamar an koro shi. Sauran ka gani da idonka. Ruwa har gwiwa a ɗakina, akwatin zannuwan mahaifiyarku da na ajiye shekara tara ya yi baƙi, ba wanda ya ɗauru. Da na je jan layin bara, a tsaye na ja shi, ban sunkuya ba. Wannan ne karo na farko, kuma ya fi mini ruwan ciwo.

Da ka koma, muka kira taron layi don a san abin yi. Aka yi awa biyu ana gardamar wa zai zama shugaba, mai aski ya ce shi ya fi daɗewa, mai shagon magani ya ce shi ya fi karatu, aka tashi ba a ambaci ruwa ba ko sau ɗaya. Ni kuma na ɗauki wata guda ina bin gidaje da sanda ina cewa a fasa simintin da na shafe. Suka ce tsufa ya taɓa ni. Wata ta ce da na karɓi ladan shafewa ai ban ce haka ba. Ba ta yi ƙarya ba. Na dawo na zauna a bencina na ƙofar gida, na ce shi ke nan, bari in jira damina ta zo ta raba ni da gidan.

A tsakiyar zafi sai ga Mai-tabarau, ita kaɗai, ba mota, ba babbar takarda, ta rame. Ta gaishe ni ta zauna a ƙarshen benci, ta ce za a rufe aikinsu a layinmu, tana so ta san inda suka kuskure kafin ta tafi, don abin yana hana ta sakat. Na ce ta je ta tambayi durom ɗinta. Ba ta ji haushi ba, idonta ya faɗa kan bango, ta tambaye ni wane yaro ne ya ɓata mini shi haka. Na ce yaron shekararsa saba'in da takwas. Yamma uku tana zuwa, ina ɗora yatsa kan layi ina faɗa mata abin da ya faru a shekararsa, gidan wa aka shafe, wa ya toshe rijiya ya yi ɗaki a kai, wace shekara aka sare bishiyar bakin makaranta, yaushe aka kori Dogo. Tana rubutawa tana jan kibiya daga wannan suna zuwa wancan, wata ta tafi ta dawo inda ta fito, har takardar ta koma kamar zaren da ya harɗe a kwandon yayarka. Ta ce a ofishinsu ma yanzu an fara cewa unguwa ba inji ba ce da za ka cire ƙarfen da ya lalace ka sa sabo, wai in ka taɓa wuri ɗaya wurare biyar ne za su motsa, uku daga ciki ba ka san da su ba, don haka gara a taɓa kaɗan, a tsaya a duba, a saurari mutanen wurin, sannan a sake taɓawa. Na ce mata da ta zo da wuri da ta tarar da wadda za ta gaya mata haka kyauta, tana tsinkar lemo.

Kai ma abin da nake so ka ji ke nan, Injiniya. Kai ka saba da famfo, in ya ƙi aiki ka kwance ka nemo abu ɗaya da ya mutu. Ni ko a bango na san tsagar da ta fito gabas sau da yawa ciwonta yana yamma, a tushe, tun damina uku da suka wuce. Bango ma ke nan, da yake tsaye wuri ɗaya. Ina ga mutane, da in ka matsa wa wannan sai wancan ya canja hanya, matarsa ta canja tata, akuya ma ta canja?

Abu ɗaya tak Mai-tabarau ta yi, ta bi dattawan layi ɗaya bayan ɗaya har aka janye dokar hana Dogo. Aka aika masa, ya ce ba zai zo ba, wai layin masu tsafta ya fi ƙarfinsa. Sai da na ɗauki sanda na taka har bayan kasuwa inda yake tara kayansa, na tsaya a rana na ba shi haƙuri. Ni, da ban taɓa ba mahaifiyarku haƙuri ba sai da na tsaya a kan kabarinta. Ya bar ni tsaye ya gama ɗaure buhunsa, sannan ya ce zai duba. Bayan kwana huɗu na ji kukan tayar baronsa a layi, ka san ba ya sa mata mai.

Sauran kuwa ba wanda ya shirya shi, kuma in wani ya ce maka shi ya yi, ƙarya yake. Simintin gidan mai aski ya tsage, saiwar bishiyar maƙwabcinsa ce ta ɗaga shi, ba aikina ne ya gaza ba, yayarka ta rubuta wannan da kyau. Ya zo in gyara, na nuna masa hannuna. Ya farfasa da niyyar sakewa, sai lalaci ya kama shi, ya bar wurin ƙasa. Matarsa tana watsa ruwan wankin tumatir a wurin, 'ya'yan suka tsiro da kansu. Ka san bakinta. Duk wadda ta shiga gidan sai an kai ta ta ga tumatir, har da tsinka mata biyu a ba ta a hannu don ta ji haushi da kyau. Abin da na yi wata guda ina roƙo da sanda, tumatir biyu suka yi shi a mako uku. Mazan suka fara zuwa aron guduma da diga, suna sunkuyar da kai, wai madam ce ta matsa. Gida biyar aka fasa, wani rabi, wani kusurwa kawai. Ni aikina in zauna a kujera in ce nan bututun ruwa ya bi, ka matsa taku biyu, nan akwai tsohuwar rijiya, kada ka tsaya a kai. Mutum ɗaya ne bai tambaye ni ba, ya fasa bututu, layi ya yi kwana biyu ba ruwan famfo, kowa ya zo ya zage ni.

Su kuma mata da suka gaji da warin durom, sai suka koma miƙa wa Dogo ɓawonsu ya fitar musu. Shi ba ya son tafiya mai nisa da kayan da ba na sayarwa ba, sai ya riƙa juyewa a tsohon lambu, tunda ga shi nan bayan kwalbati. Ya ruɓe, ya yi baƙi, kabewa ta tsiro a kai ta yi yaɗo. Mai lambu yana wucewa da safe daga wurin gadi ya gani. An ce ya tsaya ya ɗebi ƙasar a hannu ya shinshina, ya daɗe a tsugune. Kashegari aka gan shi da fartanya. Kafin saukar ruwan farko, ya yashe rabin tsohuwar hanyar ruwan, sauran rabin ya fi ƙarfin bayansa.

Kada ka ɗauka an gyaru. Mai shagon magani da ya ga abin bara sai ya ɗaga gaban shagonsa, ya manna tayil mai sheƙi, yanzu ruwan da ke tsayawa a nasa wurin ƙofar Gwaggo yake tafiya. Awaki ba za su dawo ba, ta ce ƙafarta ba ta iya bin su kuma. Sauro ya ƙaru a gidajen da aka fasa ba a daidaita ba. An sace murfin durom biyu. Mai filin lambun an ce yana maganar gini. Mai-tabarau da ta zo sallama ta ce manyanta suna son hoto da sunan wanda ya jagoranta, ita kuwa ba ta san ko tumatir za ta rubuta ba ko lalacin mai aski. An tura ta wani gari. Abin da ya ɗan ɗinku duk zare ɗaya ne ke riƙe da shi, ni na sani, kuma kowa na iya tsinka shi ba da gangan ba, yadda na yi da cokalin gini shekara ashirin ina jin kaina gwani.

To, ga amsarka. Babban ruwan bana ranar Laraba ya zo, bayan azahar. Sama ta yi baƙi, yayarka ta rugo daga gidanta ta ɗora katifa kan tebur. Na sa ta ajiye mini kujera a cikin ƙofa na zauna. Na ga ruwan titin sama ya shigo layi da gudunsa, ya cinye matakalar farko, ya ɗan yi jinkiri, ya cinye ta biyu. Can ƙasa ina hango Dogo tsaye a ruwa har cinya yana zare leda yana zagin wanda ya ƙirƙiro ta. Ruwan ya zo ya taɓa dokin ƙofa, ya tsaya yana rawa a bakinsa har na fara cewa alhamdu lillahi. Sai ya haura. Na sa hannu na auna, yatsa biyu. Ya jiƙa mini ƙafa, ya bi ta gefen kujera ya gangara tsakar gida, ƙasar mahaifiyarku ta shanye shi. Bai shiga ɗaki ba. Kafin la'asar layi ya tsane, har an fara wucewa da takalmi a ƙafa.

Yayarka ta ɗauki tsumma ta goge wurin, ta ce wa ya gani, ita dai ba ta ga komai ba, kuma ba ita za ta gaya maka ba. Tana harara ta yanzu da nake sa ta rubutawa. Na ce ta miƙo mini ƙusa. Shekara arba'in da huɗu ban yi wa bangon nan ƙarya ba, ba zan fara don in tsira da ɗaki ba. Na fita na dafa bango na sunkuya, gwiwa ta yi ƙara har ta ji daga ciki, na ja layin. Kusan kamu guda ne ƙasa da na bara, shi ne mafi ƙasa cikin shekara bakwai. Ban taɓa jin daɗin ciwon gwiwa ba sai ranar.

Ruwa ya haura, alkawari ya kama ni, ba zan yi maka gardamar yatsa ba. Zan zo. Gaskiya ma na gaji, ɗana. Na gaji da ɗaga kai duk lokacin da hadari ya haɗu, na gaji da ganin yayarka tana barin ɗinkin mutane tana gudu a ruwa saboda ni, ita ma ba yarinya ba ce. In zama a ɗakin da ka ce, mai taga a sama, in kalli motoci, in ci abin da likita ya yarda. Wannan rabin alkawarin nawa ne, na cika.

Rabin na biyu nake roƙonka a kai, ni da ban taɓa roƙonka komai ba tun da ka fara ɗaukar albashi. Kada ka sayar da gidan. Dillalin da ka turo ya zo ya zagaya, bai ma kalli ɗakuna ba, tsakar gidan ya yi ta aunawa da taku, ya ce shago shida za su fito, a sare lemon, a shafe ko'ina. Na san irin aikin, ni na koya wa rabin masu yin sa. Tsakar gidan nan ita ce ƙasa mafi faɗi da ta rage a buɗe a layin, ruwan rufin gida uku take sha ban da namu. Ran da aka rufe mata baki, ruwan nan ba ɓacewa zai yi ba, ƙofar Gwaggo zai fara nema, ɗakinta kuwa ya fi namu ƙasa, kuma ba ta da ɗa injiniya da zai ɗauke ta. Daga nan wanda ya fasa nasa simintin zai ce aikin banza ya yi, ya kira magini. Na riga na ga yadda layukan nan ke hawa sau ɗaya, na san hanyar. Takarda tana hannunka, in ka sayar ba mai hana ka, ni ma ba zan yi maka baki ba. Amma ka sani ba gidanka kaɗai za ka sayar ba.

Na yi wani abu ban shawarce ka ba, ka yi fushi in ka ga dama. Na ba Mai lambu ɗakin gaba, ya tare ranar Asabar da tabarmarsa da fartanya biyu. Zai kula da lemon, ya riga ya tona gindin bango inda mahaifiyarku ke shuka. Na kai shi wurin layukan na nuna masa yadda ake yi, cewa ba ranar ruwan farko ake ja ba, sai an jira ranar da damina ta faɗi babbar maganarta. Na karanta masa su tun daga ƙasa har sama, ya saurara, da na gama ya ɗora yatsa kan na shekarar da ya bar lambu ya daɗe bai ɗauke ba. Ka ba layin nan damina uku, Injiniya. In ka zo ka ga layukan sun koma hawa, ka yi yadda ka so, ko ina raye ko ba na nan.

Ka gaishe mini da surukata, ka ce na gode da maganin gwiwa, ka kuma gargaɗe ta tun yanzu cewa tsohon da zai sauka gidanta ba ya cin abinci ba gishiri sai da faɗa. Ka gaishe da takwarana, ka ce ya fara share mini wuri a gado, da amaryata 'yar ƙaramar, ka ce angonta na tafe da haƙori huɗu. Yayarka da mijinta da yaransu suna gaisuwa, baffanka ma zai gaishe ka in ya huce. Gwaggo ta ce a gaishe da yaron da ya taɓa sakar mata awaki cikin makaranta. Dogo bai ce a gaishe da kowa ba.

Ka aiko da ranar da zan taso, kayana ba su da yawa, jaka ɗaya ce da sanda. Yayarka ta ga na bar ƙusar a kan taga ta ɗauko za ta sa mini a jaka, na ce ta mayar. Ta Mai lambu ce yanzu.

Allah Ya yi maka albarka, Ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ni ne mahaifinka,
Tsohon magini.